Silimar Ƙasarmu Ta Shigo Gida: Finafinan Jiya Da Na Yau Da Suka Cancanci Kallo

A zamanin da, wanda ke son kallon silima a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram sai ya jira an yi sallar lisha, ya yanki tikiti, ya zauna bisa benci, sararin Allah na bisa kansa. Dattawan Yamai ba su manta da gidajen silima irin su Vox da Zabarkan da Soni ba. Abin da aka fi nunawa a wuraren nan shi ne finafinan Indiya da na kaboyi da na karate. Da bidiyo ta yawaita, sai gidajen suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Yau kuwa silima ta biyo mutum har ɗakinsa. Duk mai salula irin ta zamani yana iya sauko da fim daga intanet, ya ajiye, ya kalla tare da iyalinsa lokacin da ya ga dama. Amma mu tambayi kanmu, jama'a: mine ne muke saukowa da shi? In an duba salular yaranmu, za a tarar da labarun kowace ƙasa, ban da tamu. Alhali kuwa Nijar na cikin ƙasashen da suka fara shirya fim a Afirka ta Yamma bayan samun mulkin kai. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Don haka muka zaɓo ma masu karatu waɗansu finafinai na ƙasarmu, muka jera su bibbiyu, tsoho da sabo. Wanda ya kalle su haka zai ga abin mamaki: tambayoyin da magabata suka yi shekaru hamsin da suka wuce, su ne ɗiyansu ke yi yau.

Yadda abin ya faro

Cikin shekara ta 1941 wani Bafaranshe injiniyan hanyoyi mai suna Jan Rush ya zo aiki Nijar. Daga baya ya bar aikin hanya ya kama na'urar ɗaukar hoto. A tashar jiragen ruwa ta Abijan ya gamu da wani saurayi ɗan Yamai, Umaru Ganda, wanda ya yi soja a yaƙin Indoshin, ya komo bai samu aiki ba, ya tafi ƙasar Kodebuwa yana dako. Shi ne Rush ya sa ya zama babban ɗan wasa cikin fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Daga nan Ganda ya koyi sana'ar, har ya zama mai shirya fim na kansa.

A Yamai kuma akwai wani saurayi mai gyaran mota, gwanin zane, Mustafa Alasan. Tun 1962 ya fito da Aouré, wato Aure, wanda ke nuna yadda ake biki a wani ƙauye na bakin kogin Isa. Waɗannan mutane biyu, Ganda da Alasan, su ne ginshiƙan silimar Nijar. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, Alasan kuma cikin Maris 2015. Rush ya gamu da ajalinsa cikin haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni cikin Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai.

Tafiya biɗa

Babu gidan da bai san zancen tafiya biɗa ba, daga Adar har Damargu. Fim na farko da ya kamata a nema bisa wannan magana shi ne Jaguar na Jan Rush, wanda aka ɗauka wajen 1954, aka gama haɗa shi cikin 1967. Samari ukku ne, Damure Zika da Lam Ibrahim da Illo Gaudel, suka tashi daga bakin kogi suka nufi Kurmi, ƙasar da ake ce ma Gana yau. Mai kallo zai gan su a kasuwar Kumasi da tashar Ankara, suna neman na kansu, sa'an nan suka komo gida da tsaraba da labari. Fim ne mai ban dariya, amma cikin dariyar ana ganin wahalar baƙunci.

Na biyu shi ne Cabascabo na Umaru Ganda, wanda aka nuna a bikin finafinai na birnin Kan na Faransa cikin 1969, ya kuma samu kyauta a Mosko cikin wannan shekara. Labarin wani ne daga cikin mazan jiya, ya komo daga Indoshin da kuɗi cikin aljihu. Abokai da maroƙa suka kewaye shi, ana kirari, yana rabo. Ran da kuɗi suka ƙare, kowa ya kama gabansa. Bayan ya sha wulaƙanci wurin neman aikin lebura, sai ya ga babu abin da ya fi masa komawa ga ƙasa ya yi noma. Ganda da kansa ya yi wasan, kuma abin da ya gani da idonsa ne ya nuna.

To, bayan shekara arba'in sai ga Sani Magori, ɗan Galmi, ya ɗauki zancen daga inda aka tsaya. Fim ɗinsa Koukan Kourcia, wato Kukan Kurciya, na 2010, da Hausa aka yi shi. Akwai wata zabaya mai suna Husai wadda waƙoƙinta suka riƙa zuga samarin Adar a shekarun 1970, cewa namiji ba ya zama gida hannu sake. Da yawa suka tafi, ba su komo ba; mahaifin Sani Magori na cikinsu. Sai ɗan ya je ya roƙi zabayar, ta tsufa, cewa muryar da ta kore su ita ce za ta kirawo su. Suka kama hanya tare har Abijan. Wanda ke da wani nasa a Kurmi ko Libiya ko Aljeriya, da wuya ya kalli wannan fim idonsa bai kawo ruwa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma Magori ya nuna gida na iya bin mutum ya kira shi.

Aure da zaman gida

Cikin 1972, a Wagadugu, aka fara ba da babbar kyauta ta bikin finafinan Afirka da ake ce ma FESPACO, wato Dokin Yennenga. Ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar ta: Umaru Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Wani alhaji ne mai mata biyu, ya komo daga Makka, ya sa ido bisa wata yarinya, Satu, wadda aka riga aka yi ma wani saurayi alkawarinta. Kuɗi suka yi magana, iyaye suka amsa. Matarsa ta biyu ta ƙi yarda, ta ƙulla kashe amarya daren biki, amma cikin duhu sai ta kashe ƙawar amarya. Ganda bai zagi addini ba. Abin da ya tona shi ne halin mai fakewa da rawani don biyan bukatar zuciyarsa, da halin iyayen da ke sayar da alkawari.

Wadda ta yi wasan kishiyar nan ita ce Zalika Sule, wadda aka haifa a Yamai cikin 1947, tana cikin matan Afirka na farko da suka riƙi wasan fim sana'a. Ta biya tsada. Mutane da yawa a lokacin ba su rarrabe wasa da gaskiya, suka ɗauka halin da take nunawa cikin fim shi ne halinta. Rahamatu Keita ta ba da labarinta cikin fim ɗin Al'lèèssi na 2004, inda aka ga tauraruwar jiya cikin rashi, tana ɗibar ruwa a famfon unguwa. Zalika ta rasu cikin Yuli 2021. Wanda ya kalli Wazzou, ya bi shi da Al'lèèssi, don ya san abin da ake bin mu bashi.

Cikin na zamani, akwai L'Arbre sans fruit, wato Icen Da Ba Ya Ɗiya, na Aisha Maki, ƴar Damagaram, wanda ya fito cikin 2016. Wannan ba wasa ba ne, rayuwa ce aka ɗauka yadda take. Ya shafi matan aure da Allah bai ba haihuwa ba, da irin gorin da suke sha wurin dangin miji, da yadda ake ɗora ma mace laifi tun ba a auna namiji ba. Mai fim ɗin ta fara da kanta. Ya kamata miji da mata su kalle shi tare, uwar miji ma in ta yarda a gyara mata wuri.

Cikin wannan shekara ta 2016 Rahamatu Keita ta fito da Zin'naariyâ, labarin wata ɗiyar sarauta da ta komo Damagaram daga karatu a Faransa, tana jiran wanda zuciyarta ke so. Mai son ganin ado da gine-gine da ladabin mutanenmu, ga wurin kallo. Shi ne fim na farko da Nijar ta aika gasar Oska ta Amurka, cikin 2018. Haka kuma kada a manta da Pour le meilleur et pour l'oignon na Sani Magori, na 2008, inda auren wata yarinya a Galmi ya rataya bisa kuɗin albasar ubanta. Manomi zai ga kansa a ciki tun daga dashe har ciniki.

Samari da kayan aro

Cikin 1966 Mustafa Alasan ya lura da yadda finafinan kaboyi suka shiga kan samarin Yamai, sai ya shirya Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya komo daga Amurka da akwati cike da malafa da takalma da bindigogi, ya raba ma abokansa. Kowa ya canza suna, suka saci dawaki, suka dami gari da faɗa da fashi, har abin ya kai ga zub da jini tsakaninsu. Jingare Maiga, wanda daga baya ya shirya L'Étoile noire cikin 1976, yana cikin ƴan wasan, haka ma Zalika Sule. Fim ɗin bai wuce rabin awa da kaɗan ba, amma darasinsa na nan: kayan aro ba ya rufe katara. Abin da Alasan ya faɗa bisa silimar jiya, yau ya hau kan salula daidai wa daida.

Abokin tafiyarsa shi ne Zinder na Aisha Maki, na 2021. Ta shiga unguwar Kara-Kara, inda tun da can aka keɓe kutare da marasa galihu, ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake ce ma pale. Su ma sun ari sunaye da tutoci daga waje, ba su san ma'anarsu ba. Akwai mai ɗaga ƙarfe da ke son kafa kamfanin gadi, akwai wanda ya tuba ya kama kabu-kabu, akwai mai fasa-ƙwaurin esansi daga iyaka. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma la'ance su ba. Ta bar su sun yi magana da bakinsu, da Hausarsu. Mai kallo zai gane cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: yaron da bai samu lakwal ba, bai samu sana'a ba, wani zai ba shi aikin yi. Muna jawo hankalin ma'aikatan hukuma, musamman masu kula da matasa, su nemi wannan fim. Amma akwai maganganu masu nauyi a ciki, na manya ne, a bari sai yara sun kwanta.

Ruwa

Cikin 1973, ana tsakiyar babban farin da ya halaka dabbobin Sahel, Mustafa Alasan tare da wata Bajamusa, Ana Zoring, suka shirya Toula ou le génie des eaux, daga wani labari da Bubu Hama ya rubuta. Ƙasa ta bushe, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa, ƙuri'a ta faɗa bisa Tula, ɗiyar gidan sarki. Saurayin da ke son ta ya bazama neman ruwa don ya cece ta. Ya samo, amma ya komo a makare.

Cikin 2021 Aisa Maiga ta ɗauki Marcher sur l'eau a Tatis, wata rugar Fulani cikin Azawak. Yarinya ce ƴar shekara 14, Hulai, iyayenta sun tafi neman abinci, ita ke riƙe da ƙannenta, ita ke tafiya mai nisa ɗibar ruwa, karatunta na lalacewa. Ga kuma ruwa kwance ƙarƙashin ƙafafunsu, sai dai zurfi. Abin da garin ke roƙo shi ne a gina masu foraji. Tsakanin finafinan nan biyu akwai kusan shekara hamsin. Cikin duka biyun, idan ruwa ya yi wuya, ɗiya mace ce ke fara biya.

Tarihi

Wanda ke son tarihi ya nemi Sarraounia na Med Hondo, ɗan Muritaniya, na 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdullahi Mamani na 1980. Labarin Sarauniyar Lugu ne, cikin ƙasar Arewa, wadda ta tsaya ma rundunar Bule da Shanuwan cikin Afrilu 1899, rundunar da ta ƙone garuruwa har ta yi ɓarnar nan ta Birnin Ƙonni. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, ya kuma ci Dokin Yennenga cikin 1987. Shi ma akwai zub da jini a ciki, bai dace da ƙananan yara ba. Mutanen Damagaram kuma suna da Si les cavaliers na Mahaman Bakabe, na farkon shekarun 1980, bisa shirin tawayen da aka ƙulla ma Nasara a Zinder cikin 1906.

Daga wurin ƴan'uwanmu na Najeriya akwai Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya da Hausa cikin 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa: yaron da aka sace, aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawu. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓace, sai cikin 2016 aka gano faifansa a wani ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin finafinai na Balin cikin 2018. Wannan ishara ce gare mu: abin da ba a adana ba, ƙura da zafi ke gadonsa.

Rabon yara

Yara ma ba a bar su a baya ba. Mustafa Alasan na cikin waɗanda suka fara fim na zane mai motsi a Afirka, ya kuma ƙaro ilimin abin a Kanada. Bon voyage Sim na 1966 minti biyar ne kacal: shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyara maƙwabta, da jirgi da fareti da jawabi. Yara za su yi dariyar kwaɗi, manya za su yi dariyar wani abu dabam. Akwai kuma Kokoa, inda dabbobi ke kokowa a fili, da makaɗa da alƙali, kamar yadda ake yi a gasar takobi. A Tawa Alasan ya zauna shekaru masu yawa yana wannan aiki, kuma cikin Oktoba 2024 aka sa sunansa ma tsohon gidan al'adu na Faransa da Nijar da ke Yamai.

Yadda za a same su

Abu na farko, rubutu. Sunayen finafinan nan da na masu su da rubutun Faransanci suke cikin intanet. Sai a rubuta sunan fim kamar yadda muka sa shi nan, a ƙara sunan mai shi: Oumarou Ganda, Moustapha Alassane, Jean Rouch, Rahmatou Keïta, Aïcha Macky. Nan ne wanda ya yi yaƙi da jahilci zai ga amfanin wahalarsa. A fara dubawa a YouTube da shafunan kamfanonin da ke rarraba finafinai. Waɗansu kyauta ne, waɗansu sai an biya, waɗansu kuma guntaye kawai ake samu.

Na biyu, nauyi. Ana auna fim da mega da giga. Giga ɗaya wajen mega dubu ne. Gwargwadon kyan hoto, gwargwadon nauyinsa da kuɗin da zai ci. Don kallo bisa salula, lamba 360 ko 480 ta isa. Wanda ya samu wifi, ya sauko da shi can, ya zuba cikin katin ajiya. Ana iya sa shi cikin kile a liƙa ma talabijin, gida duka ya kalla.

Na ukku, hattara. Shafin da ya ce sai ka ba da lambar sirri ta asusun kuɗinka, ko sai ka sauko da wata manhaja da ba ka sani ba, ka rufe shi. Ta nan ɓarayi da cutar na'ura ke shiga.

Na huɗu, haƙƙi. Fim gumin mutane ne, kamar damen gero. Inda aka sa kuɗi, a biya. Kada a kwafi aikin mai rai a riƙa sayarwa ba da izninsa ba. Akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA, don wannan magana. Labarin Zalika Sule ya ishe mu wa'azi.

Na biyar, harshe. Finafinan Ganda da Zabarmanci ne, na Magori da Hausa, waɗansu da Faransanci, galibi da rubutun fassara a ƙasan hoto. Ɗan lakwal ya karanta ma iyaye, iyaye su bayyana masa abin da bai tarar ba. Ta haka kallo ke zama hira, hira ta zama karatu.

Kira ga hukuma

Gaskiya ɗaya ce, ba dukan finafinan nan ake samu cikin sauƙi ba. Tsofaffin, a Turai aka wanke su aka haɗa, can kuma faifan asali na da yawa daga cikinsu suke. Cikin 2017 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka, FEPACI, da wata gidauniya ta Amurka suka ƙulla shirin gyara tsofaffin finafinan Afirka guda 50. Mu ma muna da cibiyar silima ta ƙasa, CNCN. Abin da ya kamata shi ne a tattara aikin magabatan nan, a gyara, a fassara da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a ajiye wuri guda inda ɗan Nijar zai samu bisa kuɗi kaɗan, masu haƙƙi kuma su samu rabonsu. Malaman yaƙi da jahilci da shugabannin fada-fada na samari suna iya tara jama'a sau ɗaya a mako, a kalli fim guda, a tattauna.

Kafin nan, ya kai mai gida, ke uwar gida, zaɓi na hannunku. Ba mu ce a daina kallon na Indiya ko na Kano ko na Turai ba. Kowane da daɗinsa. Amma cikin dare bakwai na mako, a ware guda don namu. Yaron da ya ga Kabaskabo ya komo gona, ya ga zabaya Husai ta bi mazan Adar har bakin teku, ya ga Hulai bisa hanyar rijiya, zai san ƙasarsa na da labari, kuma akwai waɗanda suka iya ba da shi. Gani ya kori ji. Allah shi jiƙan waɗanda suka riga mu, shi ƙara ma na raye basira.